Ko Bargon Gaggawa Ya Cancanci Gurbi a Jakar Mafarauci?

Duk mafaraucin da ke nausawa daji mai nisa, inda mota ba ta zuwa kuma duk abin da zai buƙata a gadon bayansa yake, ya san cewa shirya jaka ciniki ne tsakanin nauyi da amfani. Kayan da aka ɗauka da asuba ba a jin su, amma idan yamma ta yi, ƙafa ta gaji, aka kuma ɗora musu nauyin nama, kowane giram sai ya nemi a ba da dalilin ɗauko shi. Cikin kayan da maharba suka fi saɓani a kansu akwai bargon gaggawa, wato siririyar ledar nan mai ƙyalli da ake naɗewa har ta shiga aljihun riga. Wasu ba sa fita sai da shi, wasu kuma suna ganin kwantar da hankali kawai yake yi wa mai shi, ranar da sanyi ya zo da gaske ba zai tsinana komai ba. A ganina ya cancanci a ɗauke shi, amma ba don dalilin da aka rubuta a jikin kwalinsa ba, kuma ba irin da aka fi sayarwa ba.

Asalinsa daga binciken sararin samaniya ne. Hukumar NASA ta Amurka ce ta samar da shi a 1964, kuma yadda ake yin sa bai canja sosai ba tun daga lokacin: ana ɗaukar leda mai ƙarfi, wadda aka fi sani da sunan kasuwanci na Mylar, a fesa mata tururin alminiyam a cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, har ƙarfen ya kwanta a jikinta ya mayar da ita kamar madubi. A 1973, lokacin da garkuwar tashar sararin samaniya ta Skylab ta yage yayin harba ta, rana ta riƙa gasa tashar, da irin wannan leda aka yi lemar da 'yan sama jannati suka buɗa a kanta zafin ya sauka. Wanda ake sayarwa a yau kaurinsa bai wuce kashi 12 cikin 1,000 na milimita ba, bai ma kai kaurin silin gashi ba. Tsawonsa yakan kai santimita 210, faɗinsa kuma 130 ko 160, nauyinsa kimanin giram 50 zuwa 60. Shi ne ake lulluɓa wa masu gudun yada ƙanin wani idan sun kai ƙarshen tsere, kuma a Jamus yana cikin kayan da ƙa'ida ta tanada a akwatin taimakon gaggawa na mota.

Wannan tarihi shi ne ke sayar da hajar, kuma shi ne ke ɓatar da mai saye. A sararin samaniya babu iska, babu ruwan sama, babu ƙasa mai laima, saboda haka hanya ɗaya tak zafi ke bi ya shiga ko ya fita, wato huci, irin wanda mutum ke ji a fuskarsa idan ya tsaya nesa da wuta. Ledar da ke mayar da huci inda ya fito ta gama aiki a can. Mutumin da dare ya yi wa a gefen dutse kuwa ta hanyoyi huɗu yake asarar ɗumin jikinsa: hucin da ke tashi daga fatarsa da tufafinsa, iskar da ke wucewa tana kwashe ɗumin da ya taru a jikinsa, ƙasa ko dutsen da ya zauna a kai suna zuƙe shi, sannan ruwa ko gumin da ke bushewa a jikinsa yana tafiya da zafi mai yawa. Idan kamfani ya rubuta cewa bargonsa na mayar da kashi 90 cikin 100 na zafin jiki, maganar ta tsaya ne a kan hanya ta farko kaɗai, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a wurin wanda ke sanye da tufafi masu kauri ana kuma iska da yayyafi. Ba ƙarya aka yi ba, an dai faɗi rabin magana an bar mai saye ya ƙarasa sauran da zatonsa.

Amfaninsa na haƙiƙa ya fi wannan sauƙi, kuma ya fi shi muhimmanci. Iska ba ta ratsa shi, ruwa ba ya ratsa shi. Mutumin da rigarsa ta jiƙe, iska kuma tana kaɗawa, yana zubar da ɗumi da saurin da jikinsa ba zai iya cikewa ba, domin ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska har ninki kusan 25, kuma kowace kaɗawar iska tana busar da laima ta tafi da wani kaso. Da zarar an rufe shi ruf da abin da ba ya shan iska, iskar da ke ciki takan cika da tururi, bushewar ta tsaya, asarar ta ragu ƙwarai ko da tufafin na nan a jiƙe. Wannan shi ne babban aikin bargon gaggawa, ƙyallin ƙari ne kawai a kansa. Har ma ƙarin ba ya samuwa sai akwai 'yar tazara ta iska tsakanin ledar da jiki, domin duk inda ta manne da fata, sanyin waje yana ratsowa kai tsaye kamar babu komai a tsakani.

Abin da ba ya yi ko kaɗan shi ne riƙe ɗumi irin na ulu ko rigar sanyi mai cike da gashin tsuntsu. Waɗannan suna aiki ne da iskar da suka kulle a cikin kaurinsu, shi kuwa ba shi da kauri. Wanda ya shimfiɗa shi a ƙasa mai sanyi ya kwanta a kai bai raba kansa da ƙasar ba, kuma kafin tsakar dare zai ji sanyi yana hawowa ta ƙugu da kafaɗa, komai kyan lulluɓin da ya yi ta sama. Yawancin waɗanda suka gwada shi suka ce aikin banza ne, idan aka bi labarinsu, a nan matsalar take.

To me ya sa mafarauci musamman zai damu da shi, alhali yana fita da tufafi masu kyau? Dalilin yana cikin yanayin farautar kanta. Manyan dabbobi sun fi fitowa da sassafe da kuma dab da faɗuwar rana, saboda haka harbin da ya yi nasara sau da yawa yakan zo ne saura kaɗan duhu ya shiga. Daga nan sai bin sawun jini, wanda kan kai mutum kwarin da bai yi niyyar shiga ba, sai fiɗa da yanka nama, aiki ne mai sa gumi sharkaf ko da ana sanyi. Ya gama ya miƙe, rigar ciki ta jiƙe, ƙarfi ya ƙare, abinci ya ƙone a ciki, sansani kuma yana bayan wani tudu da ba shi da kyan hawa da dare. A tsaunuka zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Selshiyas a duk mita 1,000 da aka hau, kuma a busassun wurare, inda sama ke tas babu gajimare, ƙasa takan saki zafinta da sauri bayan magariba, ranar da aka wuni ana gumi ta ƙare da rawar ɗari. Ba sai an yi dusar ƙanƙara sanyi ke kashe mutum ba. Jiƙa da iska da gajiya sun isa, ko da ma'auni bai sauka zuwa sifili ba.

Zafin cikin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 a ma'aunin Selshiyas, kuma likitoci suna ɗaukar cewa sanyi ya fara yi masa illa idan ya sauka ƙasa da 35. Farko makyarkyata, sai yatsu su daina biyayya, har kunna ashana ko ɗaure igiya ya gagara, sai magana ta fara sarƙewa, tunani ya dagule. Ƙasa da 32 makyarkyatar kanta takan fara ɗaukewa, ƙasa da 28 kuwa zuciya na cikin haɗari. Abin tsoro a nan shi ne hankalin da mutum zai ceci kansa da shi yana cikin abubuwan da sanyi ke fara taɓawa, don haka kayan da za su yi amfani su ne waɗanda ake iya buɗewa a shiga cikin minti ɗaya da hannu mai karkarwa, ba waɗanda ke buƙatar dabara ba.

Akwai dalili na biyu da ya fi nauyi a wurina, shi ne rauni. Mafarauci yana tafe da bindiga ko kwari da baka, yana aiki da wuƙa mai kaifi a cikin duhu, yana taka duwatsu da kaya a baya. Wanda ya karye ko ya zubar da jini ba zai iya motsawa ya ɗumama kansa ba, kuma masu kula da manyan raunuka sun daɗe da sanin cewa jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa a bakin rauni yadda ya kamata, don haka sanyi yana ƙara zubar jini, zubar jini kuma tana ƙara sanyi. Wannan ne ya sa kayan jinyar fagen daga na sojojin Amurka suka haɗa da jaka mai ƙyalli ta rufe majinyaci tare da wani mayafi mai samar da ɗumi, har a ƙasashe masu zafi. A dajin da masu ceto za su ɗauki sa'o'i kafin su iso, abin da zai tare wa mai rauni iska da ruwa ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai nau'in da ya fi yawa a kasuwa, falle ɗaya mai launin azurfa, aibinsa na da yawa, kuma gara a faɗe su a fili. Yana da ƙarfi muddin bai huje ba, amma da ƙaya ko tsinin reshe ya taɓa shi, yagewar takan zarce daga wannan gefe zuwa wancan. Idan ana iska, buɗe shi kaɗai yaƙi ne, riƙe gefunansa a jiki kuma yana cinye hannuwa biyu, kuma duk kafar da aka bari tana fitar da ɗumin da aka tara. Ƙararsa kamar ta ledar biskit take, ko numfashi mutum ya ja sai ta amsa, ta hana barci, ta kuma sa ba za a iya amfani da shi a wurin kwanton dabba ba, ga ƙyalli da ake hangowa daga nesa. Ba ya jure wuta, tartsatsi ɗaya ya huda shi, harshen wuta kuma ya narkar da shi ya manne a tufafi. Da an warware shi ba ya komawa naɗinsa na farko. Wanda ya daɗe a ƙasan jaka shekara da shekaru, yana shan zafi da gogayya, ana iya buɗe shi a tarar ƙarfen ya goge a layukan naɗi ko fallayen sun manne da juna.

Batun gumi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin abin da ya sa bargon ke aiki shi ne kuma ya sa yake da illa. Tunda tururi ba ya fita, yakan taru a jikin ledar ta ciki ya koma ruwa. Ga wanda ya riga ya jiƙe, wannan ba asara ba ce. Ga wanda tufafinsa ke bushe kuwa, kwana guda a ciki zai iya jiƙa masa rigar sanyi, musamman mai gashin tsuntsu wadda ke kwantawa ta rasa kaurinta idan ta sha laima, sai ya fito da safe cikin iska ya fi jiya rauni. Maganin shi ne a riƙa buɗe wuya lokaci zuwa lokaci ana sakin tururi, a kuma kiyaye kada a yi numfashi a ciki, fuska ta kasance a waje, kai kuma a rufe da hula.

Saboda waɗannan dalilai, zaɓin da nake ba da shawara a kai shi ne wanda aka ɗinke kamar buhu, mutum ya shige ciki ya ja bakinsa zuwa wuya. Ya kawar da babbar matsalar falle ɗaya, wato gefuna, ya kuma bar hannuwa su huta a ƙirji. Kamfanin SOL yana yin irin wannan da wata leda mai taushi wadda takan miƙe kafin ta yage, ba ta da ƙara sosai, bayanta ruwan lemo ne, nauyinta kuma ya ɗan haura giram 100. Suna da wani mai suna Escape da ke barin tururi ya fita, nauyinsa wajen giram 240, ya fi dacewa da wanda ke son abin da zai maimaita amfani da shi, ko da yake fitar tururin na nufin bai kai na farko tare bushewa ba. A Birtaniya ana yin jakar Blizzard mai falle uku da iska a tsakaninsu, ita kam tana riƙe ɗumi na gaske, amma ta kusa giram 400 kuma ta fi cin wuri. Akwai kuma nau'i mai kauri kamar tamfol, irin na kamfanin Grabber, mai ramukan ɗaura igiya a kusurwoyi, wanda ya haura giram 300. Wannan ya fi kyau a matsayin rumfa ko shimfiɗa fiye da lulluɓi. Ga mafaraucin da ke ƙirga nauyi, buhun giram 100 ne ya fi biyan kuɗin ɗaukarsa. Falle ɗayan, da babu gara ba daɗi, wurinsa shi ne akwatin magani a matsayin na biyu, inda za a iya yanka shi a rufe wani sashe na jikin mai rauni.

Yadda ake amfani da shi ya fi sunan kamfanin da ya yi shi tasiri. Abu na farko shi ne a raba jiki da ƙasa: a zazzage jaka a zauna a kanta, ko a tara busasshen ganye da rassa masu laushi har su yi tudu, ko a yi amfani da ɗan guntun soson zama da maharba da yawa ke ɗauka don zaman duba dabbobi da madubin hangen nesa. Zama a takure, gwiwa a ƙirji, baya jingine da jaka a inda dutse ko kututture ya tare iska, ya fi kwanciya a miƙe adana ɗumi. A sa duk tufafin da ake da su kafin a shiga, a ci abin da ya rage na guzuri, domin makyarkyata aiki ce kuma da abinci jiki ke yin ta. Kuma a shiga da wuri, tun jiki na da ɗumin da za a tsare, saboda bargon ba ya ƙirƙirar zafi, wanda ya tarar kawai yake ragewa gudu. Ƙungiyar likitocin daji ta Wilderness Medical Society, a ƙa'idojinta na kula da wanda sanyi ya kama, ta tafi a kan wannan tsari na haɗa abubuwa: shimfiɗa a ƙasa, abu mai kauri a jiki, da abin da ba ya shan iska ko ruwa. Wanda dole ya ci gaba da tafiya yana iya huda tsakiyar falle ɗaya ya zura kai, ya cusa sauran a ƙarƙashin rigar sama, ta haka ƙaya ba za ta same shi ba kuma iska ba za ta fizge shi ba.

Inda ƙyallin ke nuna kansa sosai shi ne tare da wuta. Idan aka ɗaura bargon a bayan mutum, nesa da tartsatsi, yakan dawo da hucin wutar a gadon baya, wurin da kullum ke shan sanyi yayin da gaba ke gasuwa. Mors Kochanski, malamin dabarun zaman daji na Kanada wanda ya rasu a 2019, ya shahara da wata bukka da ya tsara a kan wannan hikima: leda mai ƙyalli a rufi da baya, leda garau a gaba tana fuskantar doguwar wuta, huci ya ratso ya shiga, iska mai ɗumi kuma ta kasa fita. Tana buƙatar itace mai yawa da lokaci da lafiyayyun hannuwa, don haka ba ta mai rauni ba ce, amma ta nuna cewa ledar tana da ƙarfi idan an ba ta zafin da za ta mayar.

Sauran amfaninsa ba su da yawa. Yana tara ruwan sama, yana yin inuwa, kuma walƙiyarsa da rana ko a hasken tocila alama ce mai kyau ga masu nema, kamar yadda launin ruwan lemon bayan buhun SOL ke fita sarai a cikin kore ko farin ƙanƙara. Sai dai a lura cewa jiragen ceto masu saukar ungulu sukan yi amfani da kyamara mai gano zafin jiki, abin da ke mayar da huci ciki kuwa yana dusashe mutum a idonta, saboda haka idan an ji ƙarar jirgi da dare, a fito da kai da hannuwa a kunna tocila. Game da nama, ana iya shimfiɗa shi a ɗora yanka na ɗan lokaci don gudun ƙasa, ko a ɗaura shi sama ya tare rana, amma kuskure ne babba a naɗe ɗanyen nama mai ɗumi a ciki. Nama yana buƙatar iska ta ratsa shi ya huce, leda kuwa za ta kulle zafi da laima ta gaggauta ruɓewarsa.

Masu cewa babbar ledar shara mai kauri tana yin kusan duk wannan aiki ba su yi kuskure ba, tana tare iska da ruwa, ta fi jure ƙaya, kuma tana da wasu amfanoni a wurin fiɗa. Rashinta shi ne gajarta, ba ta rufe dogon mutum daga ƙafa zuwa wuya, kuma baƙa ba ta taimaka wa mai nema. Masu cewa gara a ƙara rigar sanyi da ƙaramin tamfol su ma suna da hujja, domin waɗannan biyun sun fi kowane bargon gaggawa sa dare ya yi sauƙi. Amma ba kishiyoyi ba ne, rigar tana riƙe ɗumi, buhun yana hana iska da ruwa su lalata aikinta, kuma idan aka ce dole a zaɓi ɗaya a lokacin sanyi, rigar zan ɗauka.

Wanda ke tafe da tanti da jakar barci a bayansa dare da rana ba ya buƙatar bargon gaggawa sosai, tunda yana ɗauke da abin da ya fi shi. Sai dai maharba kaɗan ne ke farauta haka. Akasari ana kafa sansani a bar kaya masu nauyi, a fita da ƙaramar jaka, kuma idan an hango dabba har ita ƙaramar akan sauke a gindin itace don a yi sanɗa, da niyyar dawowa nan da nan. Saboda haka wurin ajiye shi shi ne aljihun wando ko jakar ƙirji ta madubin hangen nesa, tare da abin kunna wuta da usur da ƙaramar tocila, kayan da ba sa rabuwa da jiki. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, ya kyautu a sayi biyu, a buɗe ɗaya a wani dare mai sanyi kusa da gida a zauna a ciki na wasu sa'o'i da irin tufafin da ake farauta da su, a ga inda sanyi ke shiga da yadda gumi ke taruwa. Ɗayan a bar shi a naɗinsa na kamfani, a duba shi a farkon kowane lokacin farauta, a canja shi idan ledar da aka rufe shi da ita ta huje ko ƙyallin ya fara gogewa a bakin naɗi.